Teburi Na Goma Sha Bakwai

Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa tarago a Porto,
daga bakin kogi zuwa bakin teku, in juyo.
Da na ajiye aiki, 'yata Leonor ta miƙo mini kyamara,
ta ce, "Baba, ka daɗe kana kallon gaba.
Yanzu kalli gefe."

Yau ga ni a lambun bayan coci,
teburi na goma sha bakwai, dab da mai gasa kifi.
Yuro arba'in na biya kuɗin wuri.
Hoto ashirin da shida, kowanne cikin ledarsa.
Da fensir na rubuta farashi
don in goge ba wanda ya gani.

Kafin hantsi na goge sau biyu.

Filomena mai tukwane, maƙwabciyata ta dama,
ta ƙare mini kallo, ta ce, "Sabon shiga, ko?
Kada ka tsaya ƙiƙam kamar mai gadin banki.
Zauna. Ɓare lemo. Bar su su duba.
Ido ba ya son a tsare shi."
Ta ara mini duwatsu huɗu,
don iskar teku ba ta san darajar takarda ba.

Jama'a na ta kwarara.
Wani ya ɗaga gadar da na yi sati uku ina fako,
ya ce wa matarsa, "Akwai irinta a wayata."
Wata ta taya firam, ban da hoton.
Yaro ya dangwala yatsa mai maiƙo
a tsakiyar ranata mai faɗuwa.
Na ce ba komai.
Na haɗiye sauran maganar da ɓawon lemo a hannu.

Ƙararrawar coci ta buga uku.
Gwangwanin canjin da Benedita ta cika mini da sulalla
yana nan yadda ta rufe shi.

Sai ga wani dattijo da hular ulu,
yana tona kwalin da na tura ƙarƙashin teburi,
inda na zuba waɗanda ban yarda da su ba.
Ya zaro ɗaya, mai dishi-dishi, a karkace:
kujerar katako, taga, ɗigon ruwan sama,
ba mutum, ba gada, ba rana.

Ya daɗe shiru.
Ya ce, "Kujerar baya ce wannan,
wadda tagarta ba ta rufuwa.
Shekara goma sha tara tana jiƙa mini kafaɗar hagu
a hanyar masana'antar kifi."
Ya ɗago. "Juya mu gani."
Na juya kamar ɗan makaranta.
Ya kwashe da dariya har da tari:
"Kai ne mai buga ƙararrawa sau uku a kwanar Massarelos!
Na san ƙeyarka kamar tafin hannuna,
sai yau na ga fuskarka."

Custódio sunansa.
Ya tambayi kuɗi. Babu farashi a bayan hoton.
Bakina ya ce goma sha biyar kafin in yi shawara da shi.
Bai yi ciniki ba.
Murfin gwangwani ya ƙi buɗuwa, hannuna na rawa,
jakar saka kaya kuwa na manto ta a gida.
Filomena ta naɗe masa a takardar tukwanenta.

Da yamma na yi lissafi a bayan rasit:
arba'in ta fita, goma sha biyar ta shigo.
Ko ɗan firamare ya san sunan wannan.
Amma na kwashe gadojina ashirin da shida
ina fito, abin da rabona da yi tun ina kan layi.

Na miƙa wa Filomena duwatsunta.
Ba ta ko waiwayo ba.
Ta ce, "Riƙe. Asabar ɗin farkon wata akwai iska.
Kuma wancan kwalin na ƙasa,
ka ɗora shi a sama."